Tsumma

Babu masaƙin da ya taɓa saƙa tsumma, babu kuma ɗan kasuwar da ya taɓa auna shi a Kantin Kwari. Kowane tufafi da mai yin sa: saƙi na masaƙi, shuɗi na marini, aska takwas ta maɗinki. Shi kuwa tsumma jikin mai sawa ne ke yin sa, da taimakon rana da sabulu da dutsen wanki, kuma dukansu ba su san gaggawa ba. Gwiwa ta ci rabonta, kafaɗa ta ci nata, gumi ya bi wuyan riga a hankali har ya cinye. Aikin shekaru ne, amma ranar da ya kammala ita ce ranar da ake wurga shi bayan ɗaki.

Dubi hanyar da riga ke bi. Ta fara fita ranar sallah da ƙamshin turare. Ta sauko ta zama ta zuwa kasuwa, sannan ta zaman gida, sannan kwance ga ƙane ko yaron gida, shi kuma ya kai ta gona. Duk tsawon wannan tafiya tana da sunanta, riga ce ko ta koɗe. Sai ranar da aka sa hannu aka yage ta sunan ke faɗuwa. Daga nan babu sauran shadda, babu akoko, babu zanen da ya zo a lefe, duk sun taru a suna ɗaya. A lokacin ne kuma aiki ke yi musu yawa: a naɗe a yi gammo, a ɗaure ƙafar amarya daren ƙunshi, a sauke tukunya daga murhu, yara su cusa a tsohuwar safa su samu ƙwallo.

Baki dai bai taɓa yi masa adalci ba. In aka ce an mayar da mutum tsumma, to an gama da mutuncinsa. In aure ya mutu da tsiya, ba a cewa mace ta haɗa kayanta, tsummokaranta ake cewa ta tattara, ko da leshi ne fal akwatin. Makaɗan fada sun cika duniya da yabon mai kyautar riga da doki, 'yan matan biki suna ƙirga turamen zani a waƙa, amma tsumma ba ya leƙa waƙa sai an zo zambo ko habaici, ko kuma da azumi, lokacin da yaran tashe ke yafa shi su zama tsofaffi don a yi dariya. Iyakar sassaucin da karin magana ya yi wa danginsa shi ne, da tsirara gara baƙin bante. Wato a yi maneji kafin Allah ya kawo wani.

Akwai wani ƙauye a kudancin ƙasar Amurka inda mata suka ƙi tsayawa a manejin. Sunansa Gee's Bend, a jihar Alabama, inda kogi ya lanƙwasa ya kewaye ƙasar ta ɓangare uku. Wani Joseph Gee ne ya kafa gonar auduga da bayi a wurin a 1816. A 1845 gonar ta koma hannun Mark Pettway, wanda ya koro bayi fiye da 100 a ƙafa tun daga North Carolina, shi ya sa har yau gidaje da yawa a ƙauyen ke amsa sunan Pettway. Da aka soke bauta jikokin bayin suka zauna suna noman haya a kan bashi. A 1932 magadan ɗan kasuwar da ke bin su bashi suka zo suka kwashe dabbobi da kayan noma da abinci. A 1962, lokacin da baƙaƙen fata suka fara tsallakawa garin Camden neman rajistar zaɓe, aka dakatar da jirgin fiton da ke ƙetare kogin, bai dawo ba sai 2006. Gidajensu na katako ne, iska na shiga ta ko'ina, suna liƙa tsofaffin jaridu a bango don su tare ta. Da sanyi ya sauka, gado ɗaya sai ya ci bargo uku ko huɗu, kuma babu kuɗin sayen ko ɗaya.

A wannan ƙauye ne, a 1942, wata mata mai suna Missouri Pettway ta ɗauko kayan gonar mijinta bayan rasuwarsa, wanduna da riguna, ta farke su, 'yarta Arlonzia na taya ta, ta harhaɗa su ta yi bargon da za ta riƙa rufa. Bargon yana nan. Mai kallo zai ga inda gwiwar wando ta koɗe ta yi fari, ya ga tabon ƙasar gona da wanki bai fitar ba. A irin waɗannan barguna na kayan aiki akwai wani abin da ke kama ido: inda aka cire aljihu, yadin da ke ƙarƙashi bai taɓa ganin rana ba, sai ya fito shuɗi sharr a tsakiyar koɗaɗɗen wando. Launi biyu ke nan daga ƙyalle ɗaya, kuma ba marini ne ya yi su ba. Maɗinkiyar ba ta da iko a kan yadda suka samu. Ikonta yana kan inda za ta yanka, da abin da za ta ajiye kusa da wane.

Ɗinkin kansa hawa uku ne. Na sama shi ne fuska, ƙyallayen da aka harhaɗa. Na ƙasa shimfiɗa ce guda, sau da yawa buhun gari ko na taki da aka farke aka wanke. A tsakani ake baza auduga, ragowar ta gona da aka buge ta yi laushi. Haɗa fuska aikin mace ɗaya ne, a kan cinyarta, da dare ko bayan an tashi daga gona. Amma in aka zo ɗaure hawa ukun a kan katako a bi su da allura layi bayan layi, sai maƙwabta su taru su zagaye, suna ɗinki suna rera waƙoƙin coci. Bahaushen da ya taɓa tsayawa kusa da 'yan lifida ranar hawan sallah ya san wannan dabarar: yadi sama, yadi ƙasa, auduga a tsakani, zare ya ratsa su ya hana audugar taruwa wuri ɗaya. Mu mun yi ta don kibiya da mashi, mun rufa wa doki da mahayinsa. Su sanyi ne abokin gabarsu.

Tambayar da ta hana ni sakat ita ce, me ake kira ci gaba a hannun mai irin wannan sana'a? A wurin tela amsar ba ta da wuya. Ɗan koyo yana farawa da ɗinki mai karkata, ya ƙare da miƙaƙƙe. Gwanin faci shi ne wanda za a nemi inda ya yi facin a rasa. Masu gasar barguna a Amurka ma haka suke aunawa: tsaga nawa allura ta yi a inci guda, ko kusurwa ta haɗu da kusurwa daidai. An taɓa gwada matan Gee's Bend da wannan ma'auni. A 1966, cikin guguwar neman 'yancin baƙar fata, aka kafa wata ƙungiyar haɗin gwiwa ta maɗinka a yankin, manyan shagunan New York irin su Bloomingdale's suka fara oda. Kuɗi ya shigo gidajen da ba su saba ganin sa ba, kuma ba abin rainawa ba ne. Sai dai shago yana son kowane bargo ya yi kama da ɗan'uwansa, girma ɗaya, tsari ɗaya, ɗinki ɗaya. Abin da mace ta ɗinka don shago daban, wanda ta ɗinka don gadonta daban, kuma na biyun ne suke kira ɗinkin yadda na ga dama.

Abin mamaki, odar shagon ce ta ciyar da na gidan. A 1972 kamfanin Sears ya ba ƙungiyar kwangilar rigunan matashin kai da wani yadin auduga mai kauri mai tudun layuka. Ragowar yankan, ja da ruwan ɗorawa da kore da ruwan ƙasa, ta bazu cikin gidaje. Yadin bai yarda da ƙananan yanka ba saboda kaurinsa, don haka sai aka koma manyan tsiri masu faɗi, salon ƙauyen ya sake fuska. A 1976 Annie Mae Young ta jera irin waɗannan tsiri masu haske a tsakiya, ta kewaye su da koɗaɗɗun wandunan aiki. Hoton wannan bargo, an yafa shi a kan tarin itace, shi ne wani mai tara kayan fasaha, William Arnett, ya gani a littafi a ƙarshen shekarun 1990, ya kama hanya sai ƙofar gidanta. An ruwaito cewa ba da jimawa ba kafin zuwansa ta ƙone wasu tsofaffin barguna, saboda hayaƙin auduga yana korar sauro.

A 2002 aka rataye bargunan ƙauyen a gidan adana kayan fasaha na Houston, daga nan aka kai su na Whitney a New York. A 2006 hukumar gidan waya ta Amurka ta buga goma daga cikinsu a matsayin kan sarki. Masu sharhi suka yi ta kwatanta su da zanen Matisse da Paul Klee, suna ganin sun yi yabo. Ni dai wannan yabon bai kwanta mini ba. Kama da wane ba ta wane, kuma matan nan ba su ari komai a wurin Klee ba, daga iyayensu mata suka ɗauka. Maganar kuɗi ma ba ta tafi sumul ba, don a 2007 Annie Mae Young da wata maɗinkiyar ƙauyen, Loretta Pettway, sun kai ƙara kotu a kan yadda aka yi da ayyukansu, ko da yake shari'ar ta mutu ba tare da an kai ga yanke hukunci a kan zargin ba. Da zarar tsumma ya yi daraja, masu cewa da su aka yi sai su yawaita.

Can arewa a jihar Ohio akwai wata mata da ta biyo hanyar daga ɗaya bakin. Nancy Crow, haifaffiyar 1943, ta karanci ginin tukwane da saƙa a jami'a, tana cikin waɗanda suka assasa babban baje kolin bargunan fasaha na garin Athens a 1979, irin bargunan da tun farko bango aka ɗinka wa, ba gado ba. Shekara da shekaru tana aiki da ma'auni da kwalayen da ake ɗorawa a kan yadi a yanka daidai. Ɗinkinta ya kai inda tela zai sara mata. A nan ne kuma ta gaji. Wajejen 1990 ta ga aikin wata dattijuwa baƙar fata ta garin Baton Rouge, Anna Williams, wadda ke yanka ƙyalle da ido kawai tana haɗawa. Crow ta ajiye kwalayenta da abin awonta, ta koma yanka kai tsaye, tana ɗaukar wuƙar yanka tamkar alƙalamin zane. Ta kuma shiga rina yadinta da kanta don ta samu launin da shago ba ya sayarwa. Ba ta ɓoye inda ta koyo ba, ta faɗi sunan Anna Williams a fili, kuma wannan ya ƙara mata girma a idona.

Wanda bai taɓa riƙe almakashi ba zai ɗauka yanka ba awo ya fi sauƙi. Ina! Kwali yana ɗauke wa mutum nauyin shawara: an riga an yanke, kai dai bi. Da an ajiye shi, kowane yanka sai ka amsa laifinsa da kanka. Layi mai karkata ba a haɗa shi da wani mai karkata sai lanƙwasarsu ta yarda da juna, in ba haka ba ɗinkin ya tattare, bargon ya ƙi kwanciya. Shi ya sa masu wannan aiki ke da bango na musamman a ɗakin ɗinki, su kafe ƙyallaye da allurai, su ja da baya su duba, su dawo su cire. Jan da ya yi kyau a hannu sai ya hau bango ya danne duk maƙwabtansa. Baƙin da aka sa don ya raba faɗa sai ya zama rami. Muna cewa mutum yana saƙa da warwara in tunani ya hana shi barci, muna kuma faɗin haka da tausayi, kamar warwarar asara ce. A ɗakin mai bargo warwara rabin aiki ce, kuma ƙaramar wuƙar farke ɗinki ba ta nisa da hannun dama. Abin da ke ƙaruwa da shekaru shi ne saurin gane wurin da ya kamata a farke, da ƙarfin halin barin wani karkataccen layi saboda shi ne ke riƙe da sauran.

A nan wani shakku ke shigo mini, kuma daga Sudan yake zuwa. Mabiyan Mahadi, waɗanda suka ci Khartoum a 1885, sun fara da jibba mai faci, gadon sufaye masu gudun duniya, faci na gaskiya a kan yagewa ta gaskiya. Kafin yaƙin Omdurman na 1898, a zamanin Halifa Abdullahi, jibbar ta zama kayan sarki: farin yadi lafiyayye, an yanko ƙyallaye masu launi an ɗora su daidai wa daida, hagu ta yi kama da dama. Da yawansu suna gidajen tarihi na Ingila, ganimar yaƙi. Suna da kyau ƙwarai, amma babu ɓaraka a ƙarƙashin facin. Haka duniya ke yi da alamar talauci in ta ga tana da farin jini. Yau ana sayar da wandon jins da aka koɗar da gwiwarsa aka yayyaga tun a masana'anta, ya fi lafiyayyen tsada. In masu shi sun gaji da shi a Amurka ya shiga dila, ya sauka wurin 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai. Akwai kuma azuzuwa inda ake koya wa mutane yadda za su karkatar da layi da gangan don aikinsu ya yi kama da na Gee's Bend.

Ban ce sai mai yunwa ke da izinin yin fasaha ba. Wannan zalunci ne, kuma matan Gee's Bend da kansu da sun samu sabon yadi a 1932 da sun karɓa hannu bibbiyu. Crow ba ta taɓa yin shigar matalauta ba, yadinta sabo ne fil, kuma ba ta ce tsumma ba ne. Abin da ta ɗauka a wurin Anna Williams shi ne amincewa da ido. Masu kwaikwayon kuwa karkatar suka ɗauka. Ana gane bambancin in an tsaya gaban aikin: a ɗaya, in ka miƙe layin nan da ya kauce sai duka fuskar ta zube, a ɗayan kuma ko ka miƙe ko ka bari duk ɗaya ne.

Akwai kuma wani kuskure da masu ba da labarin nan ke yawan yi, na cewa sai da bargon ya bar gado ya hau bangon Houston aka fara kallon sa. Matan ƙauyen sun sha faɗin cewa da sanyi ya wuce kowane gida kan fito da bargunansa ya shanya a igiya da kan shinge su sha iska, mata kuma su bi hanya suna kallo, kowace tana ɗaukar abin da ya burge ta a kai, ta je gida ta juya shi yadda ta ga dama. Sun san hannun kowa daga nesa. Suna da tsarin da suka fi so, wanda suke kira rufin ɗaki, murabba'i cikin murabba'i yana faɗaɗa daga tsakiya, kuma abin alfahari shi ne a ga yadda kowace ta karya shi. Wannan makaranta ce mai malamai da masu suka. Abin da bangon birni ya ƙara shi ne nisa da haske, da damar ganin aikin kaka da na jika a jere a ɗaki ɗaya. Ya kuma rage wani abu, don a can ba a yarda ka taɓa ba, bayan bargon ma yana fuskantar bango, ba mai ganin buhun takin.

Wadda ta fi cin moriyar wannan nisa, a ganina, ita ce Mary Lee Bendolph. An haife ta a ƙauyen a 1935, ta haɗa bargonta na farko tana yarinya, ta yi rayuwarta tana ɗinka wa 'ya'ya abin rufa. Ko bayan sunanta ya fita ba ta rabu da tsofaffin tufafi ba, ta fi son su a kan sabon yadi. Ganin ayyukan ƙauyensu a bango ya sa ta dawo ɗinki da sabon ƙarfi, tana ɗauko tsari daga abin da idonta ya faɗa a kai, gini ko bayan mota ko shingen gida. A 2015 gwamnatin Amurka ta ba ta lambar girmamawa mafi girma da take bai wa masu fasahar gargajiya, tare da Lucy Mingo da Loretta Pettway.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru shekara goma kafin lambar. A 2005 ita da surukarta Louisiana Bendolph suka tafi garin Berkeley na Kalifoniya, wata maɗaba'ar masu zane mai suna Paulson Press ta gayyace su. Aikin da ba su taɓa yi ba ne. Sukan ɗinka ƙaramar fuskar bargo, a shafa wa farantin tagulla kaki mai laushi, a danne ɗinkin a kai har kowace gaɓa da kowane zare su bar sawu, sannan ruwan asid ya ci wurin, a sa tawada a buga a takarda. A nan launi ya fita daga hannun rana da sabulu ya dawo hannunta, ita ke cewa a ƙara ja, a rage shuɗi, a sake bugawa. Da ta koma Alabama sai ta ɗauki abin da takardar ta nuna mata, ta jawo buhun tsofaffin kaya, ta shiga yanka sababbin barguna daga hotunan da aka buga daga ɗinkinta. Shekarunta 70 a lokacin.